Karnukan Finlan: A Daji Ake Gwada Asali

Mun san wani zai ce duk abubuwan da ke damun ɗan kasuwa a bakin iyaka, daga canjin naira da sefa har zuwa shingayen kan hanya, sai maganar karnuka muka ga damar kawowa, karnukan ma na wata ƙasa mai nisa da ake kira Finlan. To a yi mana haƙuri a karanta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara yana taya sa ko rago, dillali na rantse masa cewa wannan ɗan asali ne, ya san maganar iri da asali maganar kuɗi ce. Mutanen Finlan sun kwashe sama da shekara 130 suna fama da tambaya guda: da me ake gane dabba ta asali, da kamanninta ko da aikinta? Ga karnukansu na farauta sun zaɓi aiki, kuma a ganinmu sun yi daidai, ko da yake zaɓin bai zo musu a arha ba.

Finlan tana can ƙuryar arewacin Turai, tsakanin Suwidin da Rasha. Mutanenta miliyan 5 da rabi ne da ƴan kai, kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar kuwa daji ne na dogayen itatuwa, ga tafkuna birjik, ga dusar ƙanƙara da ke rufe ƙasa watanni. Iyakarta da Rasha ta haura kilomita 1,300, wato ta kusa kai tsawon wadda ke tsakanin Nijar da Najeriya. Har yanzu mutane wajen 300,000 ke biyan kuɗin lasisin farauta kowace shekara. Irin karnuka biyar ne aka amince na ƙasar ne: uku na farauta, biyu na kiwo. Kare na farauta da na kiwo kuma ba baƙon abu ba ne gare mu, tunda malamanmu sun sanar da mu cewa an yarda a ajiye su don waɗannan ayyuka.

Mu fara da abin da zai ba ɗan kasuwa sha'awa. Da harshen Finlan, kuɗi ana ce musu "raha". Ba rahar da muke yi a majalisa bayan la'asar ba ce. Asalin kalmar a wurinsu fatar dabba ce, musamman fatar kuregen bisa itace, domin a zamanin da da ita ake ciniki, da ita ake biyan haraji, ana ɗaure ta arba'in-arba'in a matsayin ƙulli guda. Kamar dai yadda namu "kuɗi" ya samo asali daga wuri. To wa ke nemo kuregen a cikin wannan ƙungurmin daji? Wani jan kare ne madaidaici, mai tsinin baki, mai wutsiya a naɗe bisa gadon baya, wanda suke kira suomenpystykorva, ma'ana mai miƙaƙƙun kunnuwa na Finlan. Shi ke gano itacen da kurege yake, ya tsaya a gindinsa yana haushi, maharbi ya zo ya harbo shi da kibiya mai dakusasshen kai don kada fatar ta huje darajarta ta faɗi. Ke nan a wancan zamani, mai jan kare nagari tamkar mai maƙerar kuɗi ne a gida.

Cinikin fatar kurege ya wuce, amma aikin karen bai wuce ba, ya koma kan tsuntsaye. Babbansu shi ne wanda suke kira metso, baƙin tsuntsun daji mai kama da talotalo, namijinsa kan kai kilo 4 zuwa 5. Yadda ake farautar abin a tsaya a duba ne. Karen kan yi gaba shi kaɗai, nesa da ubangidansa, har ya tayar da tsuntsu. Tsuntsu ya tashi, shi kuma ya bi shi da ido da kunne har ya ga itacen da ya sauka. Daga nan sai ya tsaya ya fara haushi, da farko a hankali, sannan ya ƙara wuta, har an ce yakan kai sau 160 a cikin minti guda, yana yi yana kaɗa wutsiya. Tsuntsun da ke sama sai ya shagala da kallon wannan jan abu mai surutu da ba ya iya hawo masa, ƙarar haushin kuma ta rufe motsin sawun maharbi da ke laɓaɓowa. Bakin karen na nuni da inda tsuntsun yake. In tsuntsu ya sake tashi, kare ya yi shiru, ya bi shi, ya sake farawa. Babu wanda ke koya wa ɗan kwikwiyo wannan daga tushe, a jini yake zuwa da shi, horo gyara ne kawai.

Abin da ya kusa hallaka wannan iri ba annoba ba ce, hanya ce. A shekarun 1880, da hanyoyi da layin dogo suka fara ratsa ƙasar, baƙi suka riƙa shigowa ƙauyuka da nasu karnuka, aka yi ta cuɗanya, har ya zama a kudancin ƙasar da wuya ka ga jan kare tsantsa. Wasu mutum biyu, Hugo Roos da Hugo Sandberg, suka lura cewa a ƙauyukan arewa masu wuyar zuwa akwai sauran na asali. Sandberg ya rubuta siffar karen da halinsa a wata mujalla a 1890, Roos kuma ya yi ta zuwa yana zaɓo nagari yana haɗa su har tsawon shekara 30. Ƙungiyar masu karnuka ta ƙasar, wadda aka kafa a 1889, ta shigar da shi littafinta a 1892, kuma a 1979 aka ayyana shi karen ƙasa.

Rubuta siffa a littafi ba wani abin a zo a gani ba ne, ƙasashen Turai da dama sun yi haka. Sai dai a wurare da yawa abin ya rikiɗe ya zama gasar kyau: a wanke kare, a taje shi, a zagaya da shi a fili, alƙali ya duba tsayinsa da launinsa ya ba shi lambar yabo. Bayan ƴan shekaru sai ka ga jikokin karen farauta suna da gashi mai sheƙi amma ko zomo ya gitta gabansu ba su san abin yi ba. Mutanen Finlan sai suka gindaya sharaɗi: jan kare ba zai zama zakaran gasar kyau ba sai ya nuna sakamakon gwajin aiki a daji. Ana sakinsa na tsawon sa'o'i, alƙali na biye, yana ba da maki kan yadda yake nema, da yadda yake gano tsuntsu, da nisan da ake jin haushinsa, da tsawon lokacin da ya riƙe tsuntsun a kan itace, da yadda yake sake gano shi in ya tashi. A gwajin ba a harbi. Kowace shekara kuma waɗanda suka yi fice kan kara da juna, wanda ya zo na ɗaya a naɗa shi Sarkin Haushi. Sunan na iya ba mu dariya, amma mai karen da ya ci wannan sarauta ba ya neman mai sayen ƴan kwikwiyonsa, su ke nemansa.

Ga inda muke son ƴan kasuwa su buɗe kunne. Duk wannan sakamako ba a aljihun mai kare yake ba. Ƙungiyar na da rajista a intanet wadda kowa ke iya buɗewa kyauta, ya ga uban kare da uwarsa da kakanninsa, da makin da kowannensu ya samu a daji, da abin da likitan dabbobi ya gani a ƙugunsa ko idonsa. Mai saye kan duba kafin ya taya. Mu nan mun saba da cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida ne, amma sau nawa mai saye ke da hanyar gane nagarin in ban da bakin mai sayarwa? Inda babu shaida, mai kaya nagari shi ke asara, domin mai saye kan taya kowa da farashin mai algus saboda tsoron kada a cuce shi. Rajistar nan ba don son karnuka kaɗai ta ɗore ba, ta ɗore ne don tana kare kuɗin mai saye da sunan mai kiwo a lokaci guda.

Na biyu shi ne karen Kareliya, baƙi mai farin ƙirji da fararen ƙafafu, wanda nauyinsa bai cika wuce kilo 28 ba. Sunansa karjalankarhukoira, wato karen karhu na Kareliya. Karhu ita ce dabbar nan da ake kira beyar, mai kaurin jiki da gashi da manyan farata, wadda namijinta kan kai kilo 200 har ya wuce. Karen ba ya kokawa da ita, don ya san ba sa'arsa ba ce. Yakan sha gabanta yana haushi, ta kawo masa mari ya goce, ta juya za ta tafi ya sake tare ta, haka har maharbi ya iso. Aikin da ya fi yi a yau shi ne tsayar da hirvi, wata dabba dangin gwanki da ta fi doki tsayi, mai faffaɗan ƙaho, wadda ake harbin dubun dubatarta kowace kaka domin in ta yi yawa tana cinye ƙananan itatuwa tana kuma haddasa haɗari a kan titi. Ƙungiyoyin maharba na ƙauyuka kan raba naman a tsakaninsu, su kuma dafa wa masu filayen da aka yi farauta a ciki.

An fara tsara kiwon wannan kare a 1936, sai yaƙi ya ɓarke da Tarayyar Sobiyet a 1939. Kafin ƙarshen 1944 Finlan ta rasa mafi yawan yankin Kareliya, mutane sama da 400,000 suka yi ƙaura, karnukan kuma saura kaɗan su ƙare. Daga ƴan tsirarin da aka tsira da su aka sake tayar da irin, aka rubuta siffarsa a 1945, aka yi wa na farko rajista a 1946. Masu zama a bakin iyaka sun fi kowa sanin cewa layin da ƴan siyasa suka ja ba ya tambayar dabba ko makiyayi ra'ayinsa. Da a ce bayan yaƙin launi kawai aka bi, da yau ana da baƙin kare mai farin ƙirji da ba ya iya tsayawa gaban komai. Amma da yake an riƙe sharaɗin aiki, sai ga shi ya samu kasuwar da waɗanda suka cece shi ba su taɓa mafarkinta ba. A Amurka wata masaniyar namun daji mai suna Carrie Hunt ta kafa cibiya a 1996 tana horar da karnukan Kareliya don korar beyar daga unguwanni da wuraren zuba shara, maimakon a harbe ta. Hukumar kula da namun daji ta jihar Washinton ta yi aiki da su, haka ma a garin Karuizawa na Japan tun 2004. A gida kuwa ba a bar shi ya miƙe ƙafa ba, karnukan Suwidin da na Norwe sun shigo suna gogayya da shi wajen farautar hirvi, maharbi kuma wanda ya fi yi masa aiki yake saye, ba ruwansa da tutar ƙasa.

Na uku ba za mu daɗe a kansa ba. Karen kora ne mai launi uku da faɗaɗɗun kunnuwa, wanda ke bin sawun zomo da yanyawar ƙasarsu da hanci yana kuka, maharbi na tsaye yana saurare har zomo ya kewayo. An tsayar da siffarsa a 1932, ya daɗe yana kan gaba a yawan rajista a ƙasar, amma yanzu karnukan zaman gida irin su Labrador sun sha gabansa.

Inda maganar ta fi wuya shi ne can arewa, a yankin Laplan, inda sanyi kan sauka digo 30 ƙasa da sifiri. Dukiyar mutanen can ita ce poro, wata irin barewa mai rassan ƙaho da ake kiwo don nama da fata, a da har da jan kaya. Ƙabilar Sami su ne tushen wannan kiwo, ko da yake a Finlan waɗanda ba Sami ba ma suna yi. Yankin kiwon ya haura kashi ɗaya cikin uku na ƙasar, an raba shi ga ƙungiyoyin makiyaya 54, gwamnati kuma ta ƙayyade yawan dabbobin da za a bari su yi hunturu a kan 203,700. Kowane mai poro na da tsagar kunnensa, kamar yadda makiyayanmu ke da shaidarsu. Dabbobin a sake suke yawo, sai lokacin tarawa a koro su cikin shinge a ware na kowa. A wannan kora kare ke aiki: da haushi yake tattara garke, ya maido da wadda ta ɓalle, ya kuma san yadda zai goce wa ƙaho da kofato.

Yaƙin 1944 zuwa 1945, lokacin da sojojin Jamus suka ƙone garuruwan Laplan suna janyewa, ya rage karnukan ƙwarai. Amma babban sauyi ya zo ne a farkon shekarun 1960 da shigowar babur mai gudu a kan ƙanƙara. Cikin shekara goma kusan kowane makiyayi ya saya. Wani masani, Pertti Pelto, ya zauna da wani reshe na Sami ya rubuta littafi a kai a 1973, inda ya nuna cewa kiwon da a da ƙafa da kare suka wadatar masa ya koma sai da kuɗin mai da na gyara, dabbobin suka ƙara firgita saboda ƙarar inji, masu ƙaramin garke da yawa kuma suka kasa jurewa. Wanda ya ga yadda babur ya kori jaki a hanyoyin kasuwanninmu, ya kuma ga yadda komai ke tsayawa cik ranar da mai ya yi tsada, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A daidai wannan lokaci aka raba karnukan Laplan gida biyu. A 1966 aka ware mai gajeren gashi da dogon jiki, lapinporokoira, wanda ƙungiyar makiyaya ta sa hannu a kiwonsa saboda suna son kare mai juriyar gudu a gefen babur, wanda ƙanƙara ba ta dunƙulewa a gashinsa. Mai dogon gashi kuma, wanda tun 1993 ake kira karen Laplan na Finlan, ya gangara kudu ya shiga birane. Yana da kyan gani, yana da haƙuri da yara, ba a kuma tilasta masa gwajin aiki kafin ya ci gasa. Yau yana cikin karnukan da aka fi saye a ƙasar, ana kai shi Ingila da Amurka da Ostareliya, alhali mafi yawansu ba su taɓa jin warin poro ba.

Nan ne mai ja da mu zai ce: to ai ga shi nan, wanda aka sake shi ya bi kasuwa shi ya yawaita, jan karen da kuke yabo kuwa raguwa yake yi. Gaskiya ne, ba ma musu. Rajistar jan kare ta ragu sosai in aka kwatanta da shekarun 1960, matasa sun bar ƙauyuka, kuma kare mai haushi sau 160 a minti ba abokin zama ba ne a gidan bene inda bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci. Akwai kuma haɗarin da ke cikin sharaɗin kansa, domin in kowa ya ruga wajen Sarkin Haushi neman iri, jini kan ƙuntata, cututtukan gado irin su farfaɗiya su samu ƙofa, abin da masu kiwon suka daɗe suna yaƙi da shi. A 2017 har sai da aka sa farauta da jan kare cikin jerin al'adun ƙasa da ake son adanawa, kuma mun san ba a cika yi wa abin da ke da ƙoshin lafiya irin wannan gata ba.

Duk da haka ba mu canja ra'ayi ba. Yawan kai a rajista ba shi ke nuna abin da aka adana ba. Gashi da launi ana iya dawo da su cikin ƴan haihuwa kaɗan, amma basirar tsayar da tsuntsu a kan itace, ko ta tare poro ba tare da an yi masa rauni ba, ɗaruruwan shekaru aka yi ana tace ta, kuma in an daina gwada ta babu mai sanin ranar da ta zube. Mai sayen karen Laplan a Helsinki ya samu abin da ya biya, wato abokin zama, ba mu ga laifinsa ba. Amma makiyayin da garkensa ya watse cikin duhun hunturu a wurin da babur ba ya shiga, mai gajeren gashin nan yake nema, ko da kuwa ya rataya wa dabbobinsa na'urar da ke nuna inda suke a wayar salula. Na'ura na faɗa masa inda poro take, ba ta koro ta.

Wannan magana ta taɓa mu ta wuri guda. A yankin Azawak, arewa da Tawa har cikin Mali, Abzinawa da maƙwabtansu na da siririn kare mai dogayen ƙafafu da suke kira oska, mai gadin zango da garke, mai kamo zomo da barewa a guje. A farkon shekarun 1970 Turawa suka fara fita da shi zuwa Yugoslabiya da Faransa. Yau ƙungiyar masu karnuka ta duniya ta san shi da sunan Azawak, ta rubuta cewa asalinsa iyakar Mali da Nijar ne, amma Faransa ce ke riƙe da littafin siffarsa, ita ke faɗin wane ne na asali. Amurka ma ta shigar da shi cikakkiyar rajistarta a 2019. A fagagen gasa na can, tsayi da launi da tafiya alƙali ke dubawa. Mutanen da suka san wane kare ne ke kwana a farke in dila na kewaya garke, wane ne kuma ke cim ma zomo kafin ya shiga rami, suna nan a Azawak, suna kuma saukowa kasuwannin Abalak da Cintabaraden duk mako, amma ba su aka tambaya ba lokacin da ake rubuta littafin.